Habbanayen Buba

Tanut, 4 ga Yuli 1989

Aminina Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajjo da yara. Yaya zafin Yamai? Nan ruwa ya sauka, dabbobi sun fara farfaɗowa.

Na ga takardarka kan manhajarmu ta koyon busa. Ka ce wani kamfani zai saya, amma da sharaɗin a rufe ta, kada kowa ya kwafa ko ya gyara. Wallahi raina bai kwanta ba. Na san kai ka rubuta sashen da ke sa na'urar kwamfuta ta fitar da sauti, ni nawa jera bushe-bushe ne kawai. To amma bushe-bushen na Buba ne, tsohon makiyayin nan na Tenhya mai sarewa.

Ran da na ɗauke shi a kaset, cewa ya yi habbanaye ya ba ni. Kai ɗan birni, bari in fassara maka. Makiyayi kan ara wa wanda ya rasa dabbobi karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, uwar ta koma don a ara wa wani. Ba a sayar da ita. Lasisin da nake so ke nan: kowa ya ɗauka, ya gyara, amma ya miƙa wa na gaba a buɗe, da sunan Buba a kai.

Ka yi tunani, kada ka amsa da zafin kan nan naka.

Naka,
Attahir

Tanut, 19 ga Satumba 1989

Aminina Sani,

Bayan gaisuwa, ina fatan jikin Hajjo da sauƙi.

Amsarka ta iso. Ka janye sashenka, haƙƙinka ne, kuma na goge shi daga faifan disket kamar yadda ka nema. Na sa wa nawa lasisin da na faɗa. Na ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Tun lise, muna ƴan sakandare, muke ci a kwano ɗaya.

Ran kasuwa Buba ya zo biro, ofishinmu, a kan raƙuminsa, takanas don ya ji na'urar tana busa irin tasa. Na kunna, alamomin busa suka jeru a fuskar na'urar, amma sauti ba ko ƙis. Kunya ta rufe ni, na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya tambaya ko kana da iyali, ko albashi na isarka. Sai ya ciro sarewa ya yi wata busa da ban taɓa ji ba, ya sa na ɗauka.

Ya ce taka ce, kai kaɗai, ka sayar idan ka matsu, don a bar sauran a buɗe. Na ce ba ka cancanta ba, ya ce ba ni ya tambaya ba. Kaset ɗin na cikin ambulan.

Ka gaida gida.

Naka har kullum,
Attahir