Akwatin Kamfen Ɗin Baba

Agege, Legas

Zuwa ga Yaya Idrissa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Anti Mouna da yara a can Maraɗi. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya, sai dai Baba, ruɗewar tsufa tana ƙaruwa.

Ka san akwatin ƙarfensa na kayan kamfen, waɗanda ya tara tun zaɓen shugaban ƙasa na 1979, lokacin yana dako a Iddo, nan Legas: agogon tebur mai fuskar ɗan takararsa, mafici, farantin tangaran, da hular da ba ya bari a taɓa. Tun rasuwar Inna, su kaɗai yake ganewa sosai. Kullum da hantsi sai ya goge su, ya sa hular, ya tsaya bakin titi yana roƙon direbobin bas-bas ɗin danfo su fito zaɓe.

Ƙaninmu Shafi'i ya mayar da shi abin wasa. Yakan zuga shi ya yi waƙar jam'iyya, ya ɗauka a waya ya watsa, 'yan okada suna ta dariya. Da na yi magana, ya ce ai tsohon bai san ana yi ba. A bidiyon ne wani mai tara kayan tarihi ya ga agogon. Ranar Juma'a, Baba yana masallaci, Shafi'i ya sayar wa mutumin da akwatin gaba ɗaya.

Baba ya dawo ya yi ta laluben ƙarƙashin gado yana kuka. Shafi'i ya durƙusa gabansa, ya ce masa ɗan takarar ne da kansa ya aiko a karɓa, kuma yana nan tafe ya yi godiya. Yaya, mutumin da ya rasu tun muna yara! Yanzu Baba yana sa babbar rigarsa ta sallah ya zauna ƙofar gida. Ba ya cin abinci, wai ba a riga baƙo ci. Maƙwabta suna wucewa suna tambayarsa ko oga ya iso. Ya rame ƙwarai. Na faɗa masa gaskiya, ya kira ni 'yar adawa, ya tofa mini yawu.

Don Allah ka zo, ko zai ji maganarka. Na ce masa ina rubuto maka, ya tambaye ni wane ne Idrissa.

Ka gaishe da Anti Mouna, da Salissou, da Gwaggo Turai. Kada ka faɗa wa Gwaggo, hawan jininta ba zai ɗauka ba.

Ƙanwarka,
Mastura