Ki Ba Shi Duk Abin da Yake So Ya Ci

Didi Urmila, babbar yaya, ki taimake ni. Kwana uku ke nan ina rubuta takardar ƙorafi a kan wani likitan dabbobi ina yagawa.

Karenmu Bunte shekararsa goma sha huɗu. Na Baba ne, shi ya tsinto shi a bakin kogi yana ɗan mitsitsi. Da Baba ya rasu ina Sydney ina karatu, ban samu ganawa da shi ba. Na dawo na tarar da karen kwance a kan silifas ɗinsa. Yanzu ƙodarsa ta lalace, ƙafafun baya ma ba sa ɗaukarsa.

Ranar Litinin na kai shi wurin Dakta Tuladhar, tsohon da ke duba shi tun yana ƙarami, a wani ɗan shago mai warin magani nan garinmu Patan. Bai sa an ɗora shi kan tebur ba, shi ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana shafa masa ciki, ya duba sakamakon jini. Sai ya ce wai in kai shi gida in ba shi duk abin da yake so ya ci. Shi ke nan fa! Ba takardar magani, ba ranar dawowa. Mutumin da ya shekara uku yana hana shi gishiri da nama, har ya taɓa yi min faɗa a kan guntun biredi.

Da na gaya wa Ama, mahaifiyata, sai ta ɗauki jaka ta je ta sayo naman ɓauna. Na yi mata ihu. Dama halinta ne. Satin da Baba zai rasu na kira su ta bidiyo, na gan shi da kaskon kindirmon garin Bhaktapur mai zaƙi, mutum mai ciwon suga, ita ce ma take ba shi a baki. Har yau abin yana raina, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke.

Jiya na kai shi wani sabon asibiti mai sanyi da kujeru masu laushi. Suna ta ce min madam, har shayi suka ba ni. Sun ce a kwantar da shi kwana biyar ana masa ƙarin ruwa a keji, ziyara awa ɗaya a rana, amma in ba su amsa kafin Juma'a. Ga shi Asabar ce ranar da ake karrama karnuka a bikinmu na Tihar, kuma bai taɓa wayar garin ranar ba sai da furanni a wuya da tika, jan ɗigon albarka, a goshi. In kai shi? Kuma ina zan kai ƙarar tsohon nan?

Mai tsohon kare, Patan

Bahini, ƙanwata,

Ajiye biron nan tukuna. Ni da ke mun yi jami'a, amma babu malamin da ya koya mana wannan jimlar da likitan ya faɗa miki, a barandar asibiti ake koyonta. Likitocinmu, na mutane da na dabbobi, bakinsu yana nauyin furta mutuwa a gaban iyali. In suka ce a kai mara lafiya gida ya ci abin da yake so, ma'anarsa magani ya ƙare, saura kwanaki. Dakta bai kore ki ba. Ya gaya miki gaskiya ne da yaren da ya zaci kin iya.

Ban wanke shi tas ba. Ya ga fuskarki, ya kamata ya gane ba ki fahimta ba, ya buɗe baki ya yi bayani. Amma tsoho mai ciwon gwiwa da zai zauna a ƙasa don kada a ɗaga kare mai jin zafi, ba zan kira shi mara kulawa ba.

Masu shayin ma ban ce mayaudara ba ne. Ƙarin ruwa yana sauƙaƙa wa mai ciwon ƙoda, wani lokaci har ya ƙara makonni. Sai dai madam ba magani ba ce. Ki tambaye su abu ɗaya, ki nemi amsa ba kwana-kwana: bayan kwana biyar ɗin zai tashi ne, ko kwanakin kawai za su ƙaru? In kwanaki ne, ki auna a ina zai fi so ya yi su, a keji ko a kan silifas ɗin nan.

Gobe ki koma wurin Dakta Tuladhar ki tambaye shi kai tsaye, saura nawa, kuma yana jin zafi? Ki karɓi maganin zafi, ki tambaya ko za a iya yi masa ƙarin ruwan a gida. Ki tambayi alamun da in kin gani, jira ya zama zalunci. Wanda aka tambaya gatsal yakan amsa gatsal.

Saura Ama. Ban kasance a wurin ba, amma matar da ta ji wannan jimlar ta tafi mahauta ba tambaya, ta taɓa jinta ne. Ina zaton ta ji ta ita kaɗai, kina can da jarrabawa a gabanki, ta haɗiye, ta je ta sayo kindirmo.

Ranar Asabar ki rataya wa Bunte furanninsa, ki ɗiga masa tika, ki bar Ama ta ba shi naman da hannunta. Sannan ki zauna kusa da ita ki tambaye ta ranar da likita ya faɗa mata haka a kan Baba.

Ina yi wa Bunte fatan sauƙi, ku kuma a yi biki lafiya.

Didi Urmila