Kaskon Inna Ɗaso a Ƙarƙashin Teburin Albarushi

Malam Mailafiya, don Allah ka agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Daga Makka nake rubuto maka ta hannun wani alhaji mai komawa gida, don jaridarku takan iso mana a cikin kayan mahajjata, ko da ta kwana biyu.

Ni mutumin Tasawa ne, maharbi ɗan maharbi. Na zo aikin Hajji, bayan saukowa daga Arfa zazzaɓi ya kayar da ni, ayarinmu ya tafi ya bar ni. Wata dattijuwa mai tuyar waina a unguwar Utaibiyya, Inna Ɗaso, ita ta tsince ni. Ba ta san asalina ba, ta yi jinyata da kunu da ruwan Zamzam, ta ba ni ɗaki a gidanta, har yau ba ta kirana da komai sai "ɗana". Ko wadda ta haife ni iyakar abin da za ta yi mini ke nan. Ita ce kuma ta haɗa ni da wani Balarabe mai lambun inabi a wajen Ɗa'ifa, wanda birai suka hana sakat. Yana da bindiga da takardarta, amma in ya harba sai ya zubar da kwanson harsashin. Ni kuwa hannuna ya san albarushi tun ina yaro, sai ya bar mini aikin sake ɗura su.

To, na samo katakon akwatunan shayi na haɗa ɗan tebur iya ƙuguna a cikin ɗakin. Na yi masa baki don kada kwanso ya gangara, na kafa shi a jikin bango, a ƙasa na yi 'yar kanta ta gwangwanin albarushi. Ba yabon kai ba, ya yi kyau. Inna ta gani ta yi ta sa albarka, ta ɗauka dukanci na fara, ni ma na bar ta a haka.

Wata Juma'a na shigo na tarar ta shimfiɗa rigata ta masallaci a kan teburin, ta tura kaskon turaren wuta ƙarƙashinsa don rigar ta sha ƙamshi. Garwashi jajawur, gwangwanin yana daf da shi. Malam, nan take na zabura. Na ɗauke kaskon, na ce hayaƙin ne ke sa ni tari. Ta yi dariya, ta ce tunda take ba ta taɓa samun abin turara kaya mai daɗi kamar teburin nan ba. Juma'ar da ta zagayo ta sake yin haka. Yanzu ɓoye gwangwanin nake yi, amma akwai burbushin da ya shige tsagin katako. Ba zan iya kulle mata ƙofa a gidanta ba, kuma nauyinta ya hana ni faɗa mata gaskiya. Ina tsoron ta ce na shigo mata da masifa a garin Allah, ga shi ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Yaya zan yi?

Baƙon Utaibiyya

Ya kai Baƙo,

Fara da sujadar godiya. Allah ya ba ka uwa a inda ba ka san kowa ba, ya kuma tsare ku ranar da kaskon ya kusanci gwangwani.

Sana'arka ba abin kunya ba ce, tsare lambun mutum neman halak ne, kuma kunyar da kake ji ta nuna ka sami tarbiyya. Amma ƙaryar tari ba ta kashe garwashi. Inna ba ta yi laifin komai ba, turara wa ɗanta riga take yi, kai ne ka san abin da ke cikin gwangwani.

Ka kwashe albarushin da duk kayan aikin ka mayar wa Balaraben. Shi ke da takarda, lambunsa kuma yana wajen Harami. Ya ba ka rumfa can nesa da murhu, ka ƙera wani teburin. Wannan zai rage maka fargabar hukuma, ya kuma raba ka da ajiye kayan harbi a garin da aka hana farauta.

Bayan nan ka sami Inna, ka zauna a ƙasa ka faɗa mata komai. Za ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. Matar da ta ɗauke ka tun ba ta san sunanka ba, ban ga alamar za ta kore ka don ka faɗi gaskiya ba.

Teburin kuwa, ka fitar da shi tsakar gida, ka wanke shi tas da ruwa mai yawa, ka sake masa katakon sama da kantar, sannan ka kai mata ɗakinta kyauta. Ai ita ta riga ka gano amfaninsa. Allah ya ja da ranta, ya daɗe yana jiyar da kai ƙamshin turarenta kowace Juma'a.

Mailafiya