Ɗinkin Bahaguwa

Kukar Sabo,
ta Ɗambatta.
9 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Yayana Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana nan lafiya. Ya Kano, ya kasuwa, ya zafin birni? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka sau biyu, mun shuka gero a gonar bayan gida, saura gyaɗa. Goggo Fanta tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar garinku ne a aiko maka da ɗan jagora.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji biyar na tsaya. Ga bargon ƙyallayen Inna nan na ba Sama'ilu direba ya kawo maka, na naɗe shi a leda biyu saboda ruwa. Ka ce za ka ɗauki hotonsa ka sa a waya don mutanen birni su ga irin aikinmu, ko Allah zai sa in samu masu son ɗinki. Na gode da ka tuna da ni. Ka kuma ce in rubuta maka tarihin ƙyallayen, to ga shi iya abin da na sani.

Shekara shida Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi tana haɗa shi da allura da zare. Ba ta taɓa sa ƙyallen da ba wani ɗan gidanmu ne ya sa shi a jikinsa ba. Sai an sa, an wanke, ya gaji, sannan ta yanka. Takan ce sabon yadi ba ya zama da tsoho, da an wanke zai tsuke ya ja na kusa da shi ya yaga.

Shuɗi mai duhu da ke kusurwoyi huɗu, rigar Juma'ar marigayi Baba ce. Jan nan mai ɗigo-ɗigo zanen da ta goye mu da shi ne, mu uku. Atamfa mai hoton kifi ta bakin bargon ankon bikin ƙanwarmu Juwairiyya ce, wannan layin ni na ɗinka bayan rasuwar Inna, shi ya sa za ka ga ya fi miƙewa, amma bai kai nata kyau ba. Nata ɗinkin ba ya ɓuya. Bahaguwa ce, zarenta yana kwantawa ta hagu, kuma ƙulli biyu take yi a ƙarshe.

Farar shadda ta tsakiya, mai tabon tawada, ka san ta. Rigar saukarka ta Alƙur'ani ce. Ban sani ba ko ka taɓa lura, ita kaɗai Inna ta zagaye da ɗinki sau biyu. Kai ɗan fari ne, har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai ta ce "wancan". Ko abinci za ta miƙa maka sai ta kau da kai. Ranar da take ɗinka ta ina gefe ina zura mata zare. Na ce Inna, ai kin riga kin zagaye nan. Ta ce in yi abin da ke gabana.

Yaya, mako biyu ka ce. Don Allah kar ya wuce haka da yawa. Ka san wasiyyar Inna, bargon na ɗan farin Juwairiyya ne, yanzu kuma cikinta ya shiga wata biyar.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Khalilu.

*

Kukar Sabo,
18 ga Agusta, 2024.

Yaya Abdulmumini,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya damina a can? Nan ruwa sai godiya, gero ya fara fitar da kai, ciyawa kuma ta hana mu sakat.

Buhun ƙyallayen telolin Kano da ka aiko ya iso. Na ɗinka zannuwan gado huɗu da rigunan filo kamar yadda ka ce, na ba Sama'ilu. Da safe ina gona, da yamma ina kan keken ɗinki. Sai da na jiƙa ƙyallayen duka na shanya kafin in haɗa, don kar su ba ka kunya a wajen mutane.

Juwairiyya ta dawo gida goyon ciki ranar Juma'a, Goggo Fanta ce ke kula da ita. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗakin Inna ta buɗe adaka. Da ta ga babu, ta fito ta tsaya a kaina. Na ce yana wajen Yaya, ana ɗaukar hoto. Ta ce wane irin hoto ne wata biyu, ko bargon ne ba ya tsayawa waje ɗaya? Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Na kira ka ya fi sau goma, tana shiga ba ka ɗauka. Makon jiya Sama'ilu ya ce ka ce bargon yana wajen mai wanki da guga. Wannan makon ya ce wai wata Hajiya ce ta ara za ta nuna a taro. Duk lokacin da yake faɗa mini, tayar motarsa yake kallo, alhali tayar lafiyarta ƙalau.

Akwai wani abu kuma. A ƙasan buhun da ka aiko na tsinci wani siririn ƙyalle shuɗi mai duhu, bai kai tsawon yatsa ba, bakinsa sabon yankan almakashi. Ya sha wanki, ba irin sauran ba ne. Na daɗe ina juya shi. Na ce wa raina shuɗin yadi ai ya cika Kano, ba Baba kaɗai ya taɓa sa shi ba. Na ajiye shi a aljihun keke.

Ba zarginka nake ba, Yaya. Ka dai turo bargon ranar kasuwa mai zuwa, ko da datti ne ni zan wanke.

Goggo da Juwairiyya suna gaishe ka.

Ƙaninka,
Khalilu.

*

Kukar Sabo,
12 ga Satumba, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya.

Shekaranjiya na ɗauki Juwairiyya a babur na kai ta awo Ɗambatta, tunda mijinta yana Kudu wajen neman abinci. Ta shiga layi, ni kuma na zauna a gindin darbejiya ina jira. Sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta sauko daga motar Kano, da jaka a kafaɗarta. Ta wuce ta gabana kamar taku uku.

Ba launin na fara gani ba, ɗinkin na gani. Zare kwance ta hagu. Da ta juya za ta shiga ƙofa sai na ga farar shadda da tabon tawada, ga jan goyonmu a gefenta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi mata sallama, na ce Malama don Allah a ina kika samu jakar nan. Ta ɗauka sha'awa ta ba ni. Sunanta Malama Aina'u, mace mai fara'a. Ta ce wajen wani matashi a Kano ta saya, mai kasuwanci a waya, kuma da ƙyar ta samu, don guda goma sha huɗu ne kawai, rububinsu aka yi. Ta ce kowace jaka da labarinta. Ta zuge zif ta ciro wani ɗan kati mai sheƙi ta karanta mini.

Yaya, maganata ce a jiki. "Ita kaɗai ta zagaye da ɗinki sau biyu." Ko harafi ba ka canja ba. Abin da ka ƙara kawai, wai wata tsohuwa ce a wani ƙauye mai nisa, ba ta bar kowa ba, kai ka ceto aikinta daga bola.

Ba ta bar kowa ba. Mu uku ta goya da jan zanen nan.

Kwana uku na yi ina rubuta maka waccan wasiƙar ta farko, ina gogewa ina sakewa, ina murna yayana zai nuna wa duniya hannun Inna. Ashe awon yanka nake ba ka. Da kaina na nuna maka inda ya fi daraja.

Matar ta gama karantawa ta zuge zif ɗinta. Juwairiyya ce ta fito da katin awonta a hannu, ta gan mu tsaye, ta ga jakar. Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa ta shafa ƙullin nan biyu, ta ce wa matar, "Wannan hannun uwata ne." Sai ta nemi waje ta zauna a ƙasa, da tsohon cikinta, a gaban mutane.

Malama Aina'u ta ji labarin duka. Ta juye kayanta a leda, makullai da biro da wayarta, ta miƙo mana jakar. Ta yi ta ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifin. Na ce zan ɗinka mata wata, ta ce in na ga dama. Matar da ba ta san mu ba ke nan.

A hanyar dawowa Juwairiyya ta kifa fuskarta a bayana har muka wuce gonakin dawa. Na dai ji bayan rigata ya jiƙe.

Na fito da shuɗin ƙyallen nan daga aljihun keke na kara da wanda ke gindin jakar. Shi ne. Wato tun kafin in rubuta maka wasiƙa ta biyu ka riga ka sa almakashi, ka share ƙasan shago ka zuba mini a buhu. Ina nan ina jiƙa ƙyalle ina shanyawa don kar ka ji kunya.

Da ka tambaye ni, da na ɗinka maka jaka ɗari. Me ya sa sai wannan?

Khalilu.

*

Kukar Sabo,
27 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya kasuwa? Nan an gama yankan gero, ana ɗaure dammuna, bana Allah ya yi albarka.

Juwairiyya ta sauka lafiya, mace aka samu. An yi suna ranar Alhamis, an mayar da sunan Inna, Hure, muna kiranta Ummi. An ajiye maka tabarma a zaure har aka shafa fatiha. Liman ya tambaye ka, na ce aiki ya riƙe ka.

Saƙonka ya iso ta hannun Sama'ilu, bargon kanti mai laushi a cikin jakarsa, da maganar da ka ce ya faɗa mini. Wannan karon bai kalli taya ba, ƙasa ya kalla. Wai ka ce in daina ɗaukar abu da zafi, tsumma ne yana ruɓewa a adaka ka mayar da shi abin amfani, kuma ga shi yanzu ana neman aikina a birni. Goggo Fanta ta ce a mayar maka da bargonka, ta ce jikar Hure ba za ta kwanta a kan abin toshiyar baki ba. Ga shi nan ko buɗe shi ba a yi ba. Buhun ƙyallayenka na biyu ma yana tare da shi. Ka nemi wani telan.

Bari in faɗa maka abin da na yi da jakar da Malama Aina'u ta ba mu, don kana da hakkin sani. Na warware hannunta da zif da shafin da telanka ya sa. Ka gaya masa allurar kekensa ta yi kauri, ta huda zanen goyo waje bakwai. Abin da ya rage na Inna bai wuce faɗin faifai ba. Goggo ta fito da zanen da Inna ta yi jinya da shi, wanda ta ɓoye shekara uku ba mu sani ba. Na yanka rigata ta Sallar bara da tsohuwar rigata ta gona, Juwairiyya ta kawo ɗankwalinta. Duk an sa su, duk sun gaji, ba sabo ko ɗaya. Na zagaye na Inna da su, da hannu, ban hau keke ba. Siririn shuɗin Baba ma na samar masa waje. Bargon bai fi na jaririya ba, kafin ta yi tafiya ƙafarta za ta leƙo.

Saura farar shaddar. Juwairiyya ta ce in cire ta. Ta ce wanda ya ce uwarmu ba ta bar kowa ba, ba shi da waje a jikin 'yarta. Goggo ba ta ce a cire ba, ba ta ce a bari ba. Ni kuma, gaskiya, na fi Juwairiyya son cirewa.

Bayan la'asar na zauna a ƙofar shagon ɗinkina da sabuwar reza. Na ɗora bakinta a kan zaren. Sai na ga in zan cire ka daga ciki, dole in yanke layi biyu, kuma duka biyun nata ne. A duk abin da ka bar mana, nan ne ɗinkinta ya fi yawa. Na ƙirga, ɗari da goma sha shida, kowanne kwance ta hagu. Matar da idonta ya riga ya fara rauni, ina zura mata zare, ta zagaya ta sake zagayawa a kan rigar yaron da ba ta iya kiran sunansa.

Na ajiye rezar.

Don haka kana nan a tsakiya, da tabon tawadarka, Ummi tana barci a kanka. Kar ka ɗauka na huce ne. Ba ni na bar ka a wurin ba, Inna ce ta ɗinke ka, ni kuma ba zan yanke mata zare ba. Wannan aikin ka riga ka yi shi.

In Ummi ta girma ta tambaye ni ƙyallen waye wannan fari, na san abin da zan ce mata. Zan ce na wancan ne.

Wassalam.

Khalilu tela,
ɗan Hure.