Ladabin Laminu a Gaban Kotu

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Paris, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki da iyali da ɗawainiyar jama'a. Ni ce Ramatu ta Saint-Denis, yayar Laminu, ɗalibin nan na Villeurbanne kusa da Lyon da ya yi faɗa da wani mutum a tashar taram, wato jirgin ƙasan cikin gari, ya naushe shi sau ɗaya, mutumin ya faɗi, kansa ya bugi dutsen gefen hanya, ya rasu. Na rubuto a fili ne domin a zaurenku na Château Rouge abinci mata ke kaiwa, ba magana ba.

Na ɗaya, godiya. Ranar da aka kama shi, ku kuka kira mahaifiyarmu a Damagaram kafin labari ya isa gare ta ta bakin 'yan gulma. Ku kuka tsara masu zuwa ziyara gidan kaso a Lyon, har ba a taɓa samun watan da bai ji Hausa ba. Kun kuma je wa dangin mamacin ta'aziyya, abin da ni na kasa. Wannan ba zan manta da shi ba.

Na biyu, lauyan da kuka ɗauko, wanda kowa ke kira Metir. Gwani ne a kan takardun zama, rabin zaurenku shi ya fid da su. Amma bai taɓa tsayawa a shari'ar kisa ba, kuma kunya ta hana kowa tambayarsa. A nan, talakawan gari ake zaɓowa su zauna da alƙalai, shugaban kotu ya karanta musu tambayoyin da za su amsa. Abin da aka tambaye su shi ne ko Laminu ya kashe mutumin da niyya. Akwai wata tambayar da lauya ke iya nema a ƙara: ko ya yi dukan ne ba da nufin kisa ba. Metir bai nema ba. Lokacin yana duba agogo, saboda jirgin da zai mai da shi Paris.

Na uku, nasiharku. Alhaji, ina tsaye kuka aika masa da saƙo cewa kada ya haɗa ido da alƙali, kada ya yi musu da babba, ya sunkuyar da kai su ga tarbiyya. Laminu yaro ne mai jin magana. Ya zauna yana kallon takalmansa har aka gama. Mai gabatar da ƙara ya nuna shi ga masu yanke hukunci ya ce su duba, ko kallonsu ba ya iya yi. Lauyanmu bai tashi ya ce a garinmu haka ake girmama manya ba, domin shi ma bai sani ba. Shekara goma sha takwas aka yanke masa.

Na huɗu, godiya kuma. Da na ce sai mun ɗaukaka ƙara, wasu suka ce in bar wa Allah. Ku kuka ce neman haƙƙi ba ya karya tawakkali, kuka tsaya mini har muka sami wata lauya da wannan ne aikinta. Ta sa Laminu ya yi ta koyon kallon fuskarta yana magana, yana gumi kamar mai zagin uwa. A kotu ta biyu aka yi waccan tambayar, hukunci ya dawo shekara bakwai. An rasa rai ta hannunsa, ba mu ce ya fita fes ba. Amma mahaifiyarmu tana iya sa ran ganinsa.

Yanzu na ji ɗan Hajiya Zara mai sayar da atamfa yana jiran irin wannan shari'a, kuma an riga an ba ta lambar Metir. Ina roƙonku abu biyu. Ku bar shi a kan takardun zama, inda Allah ya ba shi. Sannan kafin ku aika wa yaron nasiha, ku bari in raka uwarsa wurin lauyar da ta san kotun. Ko ba a amsa mini ba, ranar Asabar ina shagonta.

Allah ya ƙara muku lafiya da girma, ya saka muku da alheri, ya ba dangin mamacin haƙuri.

Wassalam.

'Yarku,
Ramatu