Koren da Ka Hango Ta Gilashin Mota

Zuwa ga Kwamandan sojojin da suka koyi tuƙin manyan motoci a tudunmu, tsakanin Kura da Bunkure.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ban san sunanka ba, ranka ya daɗe, kai ma ba ka taɓa tambayar nawa ba, shi ya sa na rubuto a fili. Sunana Ja'e. Makiyayi ne ni, a wannan tudu aka yanke mini cibiya, a nan kabarin mahaifina yake.

Na farko. Tun da aka haƙa kanal, duk inda ruwa ke kaiwa ya zama gonar shinkafa da alkama da albasa. Abin da ya rage wa shanu shi ne tudun da ruwa ba ya hawa. Da kuka zo neman fili shekaru biyu da suka wuce, mai unguwa kuka tambaya, shi kuwa manomin rani ne, a wurinsa ƙasar da kanal bai taɓa ba ai ba ƙasa ba ce. Ya nuna muku tudun ya ce, "Can babu komai, Yallaɓai." A cikin babu komai ɗin nan akwai gamba da kyasuwa da harƙiya, akwai sabara da kalgo da geza. Ba ku tako rugarmu kun tambaya ba. Ni ma da wautata, har nono na sa aka kai wa yaranka, ina cewa tayoyi za su yi mana huɗa kyauta.

Na biyu. A farkon damina kuka zo, ƙasa na danye, ciyawa ta fara leƙowa. Motar da ta fi ɗakina girma ta yi ta juyi a wuri ɗaya har ta tumɓuke gamba da saiwarta. Gamba ba ciyawar shekara ɗaya ba ce, wasu gindin sun girme ni. Da rana ta bugi wurin sai ya daskare ya zama faƙo. Yanzu ko an kwana ana ruwa, ta saman ƙasar yake gudu ya faɗa kanal, ya je ya ƙara wa masu ruwa ruwa.

Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai. Da muka kai kuka, ka zo da kanka a tsakiyar daminar bara. Ba ka sauko ba. Ka sauke gilashi rabi, ka dubi tudun ka ce, "To, ina matsalar? Ga wuri kore shar!" Gaskiyarka, kore ne. Tafasa ce da rai-ɗore da tumfafiya, su ne suka gaji wurin. Saniya tana tsayawa a cikinsu har ƙirji tana kukan yunwa. Da ka buɗe ƙofar nan ka yi taku goma, da ka gani.

Ga abin da ya biyo baya. Ina da saniya mai suna Wule, jikar karsanar da mahaifina ya ba ni ranar da aka yi mini aure. Da rani ya tsananta, ƙashin bayanta ya fito har kana iya rataya buta a kai. Wata ranar Juma'a muna masallaci ta tsinke igiya, ta tsallaka kanal ta faɗa alkamar Malam Sabo. Wannan bawan Allah maƙwabcina ne tun muna samari. Duk shekara in ya yi girbi, a gonarsa shanuna ke kwana, su ci kara su bar masa taki. Kafin a sallame salla 'ya'yansa sun sare mata agara duka biyu. Na tarar da ita tana jan gindi a cikin laka, bakinta cike da alkama ba ta fasa taunawa ba. Malam Sabo yana tsaye, ya kasa duban idona, ya ce, "Ja'e, ni ma abin da zan ci ke nan."

Da hannuna na yanka ta. Da muka farke tumbin, ban da alkamar nan babu komai sai leda da yashi.

Yanzu gari ya yanke shawara mu tashi kafin damina ta faɗi. Mai unguwar da ya nuna muku tudun shi ya kawo mini saƙon. Ba na ganin laifin Malam Sabo sosai. Ku kuka haɗa mu, kuka tafi abinku, na ji ma an ce yaranka duk sun ƙware a tuƙi. Ina taya ka murna.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ku dawo bana, in kuma dole ne, ku jira ƙasa ta bushe, ku bi sawu ɗaya. Ku turo abin da zai fasa faƙon nan, mu za mu nemo gindin gamba mu dasa da hannunmu. Sannan ka zo ka tsaya gaban mai unguwa ka faɗa da bakinka cewa ba Wule ce ta fara ɓarna a wannan gari ba. Wataƙila su bar ni kusa da kabarin mahaifina.

Na bar maka saƙo wurin mai gadin ƙofar barikinku: dami guda na busasshiyar tafasa da rai-ɗore, daga daidai inda motarka ta tsaya. An ce kana kiwon ragon layya a gida. Ka ɗaure shi kwana uku, kada ka ba shi komai sai wannan, ka zauna kusa ka saurare shi.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka a bakin aiki. Allah ya ba ka tsawon ran da za ka sauko daga mota ka taka ƙasa da ƙafarka.

Wassalam.

Ja'e, mai Wule.