Inda Kan Kazar Ya Tsaya

Taichung, Talata.

Zuwa ga yayata Siu-khim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Mama, yaya gonar mangwaro? Ni dai jikina lafiya, amma zuciyata tafasa take yi.

Kin tuna A-Kun, abokin aikina mai larurar ƙwaƙwalwa, wanda ke ninke kwalayen kek ɗin abarba? Shekara tara yana nan, ko kwali ɗaya bai taɓa ɓatawa ba. Duk da haka kullum sai "Kai, Kunkuru, matsa can!" Shi ne shara, shi ne sayo shayi, in wani ya yi kuskure kuma shi ne mai laifi.

Ranar Asabar maigidan kamfaninmu ya yi mana walimar ƙarshen shekara. Tun mako guda ake raɗe-raɗin za a rage mutum ɗaya. Sai ga dafaffiyar kaza sukutum, har da kanta. Kin san al'adar, wanda bakin kaza ya kalla an sallame shi daga aiki. Na ɗauka an binne wannan tare da kakanninmu. Maigida kuwa, matsoracin banza, bai nuna kowa ba. Ya aza ta kan faifan nan mai juyawa na tsakiyar tebur, ya tafi gaisawa da baƙi.

Yaya, da kin ga manyan mutane! Kowa sai ya yi kamar zai ɗebo kifi, ya ɗan tura faifan. Shugabar sashenmu, Madam Tseng, wadda ke rungumar A-Kun duk ranar da masu ɗaukar hoto suka zo, har sau biyu ta tura. Kazar ta tsaya a gaban A-Kun. Ya washe baki: "Ni aka ba? Na gode, maigida!" Ya ɗauki kan ya cinye. Wani ya ce, "Ku bar shi, ai irinsu ba su san zafi ba." Aka kwashe da dariya.

Jiya A-Kun ya zo ƙarfe bakwai kamar kullum, mai gadi ya hana shi shiga. Ya kama hannun rigata, mutum ɗan shekara arba'in, yana kuka: "Anti Bi-giok, wa na ɓata wa rai? Ki faɗa mini in ba shi haƙuri."

 A gefena yake zaune a walimar, Yaya. A gabana kazar ta fara tsayawa, ni ma na miƙa hannu na ɗebi kifi.

Ki gaishe da Mama, amma don Allah kada ki karanta mata wannan.

Taki ƙanwa,
Bi-giok